Neman shawara: ina so in karɓi ɗan ƙaramin kare daga hannun mai riƙo, amma ina da yarinya 'yar shekara 4

Maman Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema wajen masu kiwon kare, musamman waɗanda suka taɓa karɓar kare daga hannun masu riƙo. Akwai wata ƙungiya ta masu ceton dabbobi da nake bibiya, su ba su da wani babban wajen ajiye karnuka, in sun tsinci kare sai su kai shi gidan ɗaya daga cikin masu taimaka musu ya riƙe shi har a samu wanda zai ɗauka gaba ɗaya. To a wajensu na ga wani ɗan ƙaramin kare, namiji, bai wuce kilo 5 ba, gashinsa ruwan ƙasa da ɗan fari a ƙirji, sun ce a bakin hanya aka tsince shi kaska duk ta cika masa kunne, ba wanda ya san mai shi, likita ya duba haƙoransa ya ce zai kai shekara 4 zuwa 5. Matar da take riƙonsa Tiko take ce masa.

Na je na gan shi. Da na shiga ko haushi bai yi ba, shigewa ya yi ƙarƙashin kujera yana leƙe, sai da na daɗe a zaune a ƙasa ban kula shi ba sannan ya fito a hankali ya shinshina ƙafata ya koma. Wallahi tun a lokacin ya shiga raina. Amma akwai abubuwan da suka tsaya min a rai shi ya sa na kawo muku.

Babbar damuwata Hanan ce, shekararta 4, ba ta da zama ko kaɗan kuma duk abin da ta gani mai gashi sai ta rungume. Ita mai riƙon ba ta ɓoye min ba, ta ce ya taɓa yi mata gurnani da ta kai hannu kusa da kwanonsa yana cin abinci, bai dai cije ta ba. Sannan da muka fita da shi da igiya a wuya na lura in ya ja sai ya dinga wani busasshen tari mai ƙara, kuma yana cikin tafiya sai ya ɗage ƙafar baya ɗaya ya yi tsalle biyu uku a kan ƙafa uku sannan ya sauke ta kamar ba komai. Ga shi ni da maigida duk muna fita aiki, daga safe har wajen azahar ba kowa a gidan sai wata tsohuwar mage da muke da ita.

Maigida ya ce shi bai hana ba amma ranar da karen ya taɓa yarinya ba zai kwana a gidan ba, kuma ni ma na san gaskiyarsa. Abin da ba na so shi ne in ɗauko bawan Allahn nan ya saba da mu sannan in mayar da shi, wahalar da ya sha ta ishe shi. In ɗauka ko in haƙura? In zan ɗauka me zan tambayi mai riƙon, me zan tanada?

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ni dai a ganina Maman Hanan ki haƙura da wannan ki nemi ɗan kwikwiyo, wanda zai tashi a hannunki ya girma tare da yarinyar. Babban kare da aka tsinta a titi ba ki san abin da ya gani a rayuwarsa ba, ba ki san ko dukansa ake yi ba, kuma tunda har ya fara gurnani ga tari ga ƙafa, ina jin tsoron kada ki ɗauko wa kanki ɗawainiya. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Anty Rabi:
Abban Sadiq na fahimce ka amma ban goyi bayanka ba a nan. Na daɗe ina riƙon karnuka irin haka kafin a samar musu gida, kuma zan gaya maka kwikwiyo ya fi wahala a gidan da ke da yarinya ƙarama kuma ba kowa da safe. Kwikwiyo ba ya iya riƙe fitsari, kusan duk awa biyu sai an fitar da shi, ga haƙoransa na nono masu tsini da yake gwada su a kan komai har hannun yaro, sannan kwikwiyon ƙananan karnuka ƙashinsa ba ƙwari, yarinya ta ɗaga shi ya suɓuce daga hannunta ƙafa ta karye. Kuma halin da zai yi in ya girma ba wanda ya sani tukuna. Shi wannan halinsa ya riga ya fito, akwai wadda ta zauna da shi dare da rana a cikin gida, amfanin ɗauka daga hannun mai riƙo kenan, kina da wadda za ki tambaya.

Maman Hanan ki koma wajen matar nan ki zauna da ita a tsanake, kada ki ce mata "yana da kirki?" don kowa zai ce eh. Ki tambaye ta abin da ta gani da idonta. Tun yaushe yake hannunta, don karen da ya yi sati biyu a gida bai nuna halinsa ba tukuna, tsoro ne ke riƙe da shi, amma wanda ya yi watanni an san ko waye. Ya taɓa haɗuwa da ƙananan yara, kuma da ya gan su me ya yi, ya matso ne ko ya gudu ko ya sandare waje ɗaya? Ya taɓa sa wa wani haƙori ko da bai fasa fata ba? Gurnanin nan a kan abinci kaɗai yake yi ko har in an taɓa shi yana barci, ko in an zo sauke shi daga kujera, ko in an ɗaga shi? Wannan tambayar ta ɗagawa kada ki manta da ita, ƙananan karnuka da yawa ba sa son a sure su sama kuma shi ne abin da yara suka fi yi. Sannan ki tambaye ta awa nawa take barinsa shi kaɗai, in ta dawo me take tararwa, maƙwabta sun taɓa cewa yana kuka? Ina yake kwana, wane abinci yake ci, ƙarfe nawa, yana fitsari a ɗaki, ya taɓa ganin mage?

Ki kuma tambayi ƙungiyar ko suna ba da kare na gwaji na sati ɗaya ko biyu kafin a sa hannu a takarda, da yawa suna yi. Kuma ki tabbata a takardar akwai cewa in abin bai yiwu ba su za ki mayar wa, ba ki ba wani ba. Na san kin ce ba kya son mayarwa, amma mayar da shi hannun wadda ya sani ya fi a riƙe shi a gidan da kowa ke ɗari-ɗari da shi. Duk mai riƙon da ta san abin da take yi ba za ta ji haushin tambayoyinki ba, ni in mutum bai yi min tambaya ba ma hankalina ba ya kwanciya in ba shi kare.

Ummu Khairat:
Ni maganar yarinyar zan yi don na goyi yara da kare a gida. 'Yar uwa dokar guda ɗaya ce kuma ba ta da sassauci, ba a barin yaro ƙarami da kare su kaɗai, ko da na minti ɗaya ne kin shiga kicin, ko da karen ya shekara goma a gidan. In za ki tashi ki tafi da ɗaya daga cikinsu ko ki rufe ƙofa tsakaninsu. Ki samu irin 'yar ƙofar nan ta yara da ake sawa a bakin ɗaki, tana da amfani sosai, yana ganinku kuna ganinsa amma hannu ba ya kaiwa.

Abinci kuma ki dinga ba shi a ɗakin da za ki rufe, ya gama ya fito sannan ki ɗauke kwanon, shi kenan kin kashe rabin matsalar gurnanin. Karen da ya yi yawo a titi ya san yunwa, dole ya tsare abin da ya samu. Hanan kuma tun kafin ya zo ki fara koya mata da 'yar tsana, ba a runguma, ba a sumbatar fuska, ba a jan wutsiya ko kunne, ba a taɓa shi yana barci ko yana ci, in ya shiga wajen kwanansa an bar shi kenan. In za ta shafa shi ta zauna a ƙasa ke kina gefe, shi zai zo da kansa, ta shafa ƙirji ko gefen jiki kaɗan ta tsaya, in ya matso yana son ƙari in ya juya ya tafi a ƙyale shi. Yara suna ganewa in an maimaita musu, amma 'yar shekara 4 za ta manta, don haka ke ce mai tsaro ba ita ba.

Baban Amira:
Duk wannan dogon bayani ne. Kare in ya yi maka gurnani tun ranar farko ka tsawata masa da kyau ka ɗan make shi ya san waye mai gidan, ba zai sake ba. Lallashi ne ke ɓata su.

Anty Rabi:
Dan Allah Baban Amira kada a ba ta wannan shawarar, akwai yarinya a gidan. Gurnani gargaɗi ne, karen yana cewa na takura ku matsa. In ka dake shi a kan gurnani eh zai iya dainawa, amma tsoron da ya sa shi gurnanin yana nan har ya ƙaru, abin da ka koya masa kawai shi ne ya daina gargaɗi, ranar da ya ƙure sai dai a ji cizo ba sanarwa. Ni karen da ke gurnani ya fi min kwanciyar hankali a kan wanda aka dake shi ya yi shiru.

Kuma kafin gurnani akwai alamun da yake nunawa mutane ba sa lura. Zai dinga lasar leɓe ba abinci a gabansa, ya yi hamma ba barci yake ji ba, ya kau da kai gefe har ki ga farin idonsa, kunnuwa su kwanta baya, wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, daga nan sai jiki ya sandare. In kin ga ya sandare to a janye yarinya nan take. Ko kaɗa wutsiya ma ba kullum murna ba ce, ki dubi jikin gaba ɗaya, a sake yake ko a ɗaure.

Maganin tsare kwano kuwa akasin duka ne. Bayan ya saba da gidan, yana cikin ci ki wuce ta nesa ki jefa masa wani abu da ya fi na kwanon daɗi ki wuce abinki, a hankali kina rage nisan, har ya gane zuwan mutum kusa da kwano ƙari yake kawowa. Babba ne zai yi wannan, ban da yara.

Dokta (likitan dabbobi):
Salam. Maman Hanan ban ga karen ba don haka ba zan yanke hukunci daga nan ba, amma abubuwa biyun da kika lura da su sanannu ne a ƙananan karnuka kuma kin kyauta da kika sa ido.

Ɗage ƙafar baya a yi tsalle sannan a sauke, yawanci ƙoƙon gwiwa ne ke gocewa daga gurbinsa ya koma. Muna kasa shi mataki 4. Na 1 da na 2 karnuka da yawa suna rayuwarsu da shi lafiya in ba a bar su sun yi ƙiba ba kuma ba sa yawan dirowa daga gado ko kujera, na 3 da na 4 su ne ake yawan kaiwa ga tiyata. Likita da hannu zai taɓa ya gaya miki matakin, ba abu ne mai wuya ba. Ki sani kafin ki sa hannu don ki san ɗawainiyar da ke gabanki.

Tarin kuma zai iya zama maƙogwaro ne, a ƙananan karnuka guringuntsin bututun iska yakan yi laushi ya dinga lotsawa, igiyar wuya na ƙara tsananta shi. Daga yau a daina ɗaura masa igiya a wuya, a samo ɗamarar ƙirji wadda ke zagaye kafaɗu a maƙala igiyar a baya. Amma kada a tsaya a nan, tari na iya zuwa daga zuciya don ƙananan karnuka in sun fara manyanta suna yawan samun matsalar bawul ɗin zuciya, likita zai saurara ya ji. Akwai kuma tarin da suke ɗauka daga junansu, akwai tsutsar zuciya da sauro ke yaɗawa, ita sai an gwada jini, kuma gwajin ake fara yi kafin a ɗora kare a kan maganin kariyarta. Tunda kin ce kaska ta taɓa cika shi, a haɗa da gwajin cututtukan kaska, suna iya ɓuya a jini kare na yawo kamar lafiya lau. Ki ɗaga leɓensa ki duba dasashi, ja-ja mai haske ake so, in ya yi fari fat akwai ƙarancin jini.

Tunda kin buɗe bakin ki duba haƙora. Karen da ya gama girma haƙora 42 gare shi, kuma a ɗan ƙaramin baki cunkushe suke, shi ya sa ciwon dasashi ya fi damun ƙanana. Wari mai ƙarfi, datti mai tauri a gindin haƙori, dasashi na jini, duk a nuna wa likita. Na kawo wannan ne don kare mai ciwon baki ko ciwon gwiwa ya fi saurin gurnani, wani lokacin in an magance ciwon sai ki ga hali ya gyaru. Shekarun da aka ƙiyasta da haƙori kuma kintace ne, zai iya fin haka ko ya gaza, kuma ƙananan karnuka suna kai shekara 12 zuwa 16, ki lissafa har Hanan ta shiga sakandare yana nan in Allah ya raya su.

Sai babbar magana, katin rigakafi. Ki gan shi da idonki, da kwanan wata da sa hannun likita. Allurar ciwon haukan kare ita ce gaba da komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan duka daga cizon kare, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tsira, amma allura na hana ta. A tabbata an yi masa kuma ta yi sati 3 zuwa 4 a jikinsa kafin ya shigo gidanki, a maimaita bayan shekara, daga nan likitanku zai gaya miki tsarin da ake bi. Sannan haɗaɗɗiyar allurar da ke kare su daga cututtukan karnuka masu yaɗuwa, wato farbo da distamfa da ciwon hanta. Maganin tsutsar ciki kuma a dinga ba shi a kai a kai, galibi duk wata 3, don akwai tsutsar da yara ke ɗauka daga ƙasar da kashin kare ya taɓa, a dinga kwashe kashin da wuri yarinya ta dinga wanke hannu. Ko da kare mai rigakafi ne, in ya ciji mutum ko ya yaƙushe shi har fata ta fashe, a wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 a tafi asibiti.

Maman Hanan:
Kai jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Anty Rabi na kira matar na bi tambayoyinku ɗaya bayan ɗaya. Ta ce watansa biyar a hannunta. Jikokinta suna zuwa, in sun shigo yakan koma wajen kwanansa ya kwanta, in sun nutsu sai ya fito ya zauna kusa da babbar cikinsu, bai taɓa sa wa kowa haƙori ba. Gurnanin a kan kwano ne kawai kuma tun farkon zuwansa ne, amma ta ce gaskiya ba ya son a ɗaga shi, jikinsa rawa yake yi. An yi masa dandaƙa, an yi allurar haukan kare tun watan da aka tsince shi, ta turo min hoton katin. Gwiwar da tarin ta ce likitan ƙungiyar bai duba ba don ba ta kai ƙorafi ba, amma ta yarda mu je tare a duba shi kafin komai. Dokta na gaya mata maganar ɗamarar ƙirji ta ce za ta canza.

Inda matsalar take shi ne ita ba ta fita aiki, bai taɓa zama shi kaɗai fiye da awa ɗaya ko biyu ba, kuma ta ce in ta shiga wanka ma a bakin ƙofa yake kwanciya. Mage kuma bai taɓa zama da ita ba. Yaya zan yi da wannan?

Malam Habu:
Hajiya wannan ita ce ainihin jarrabawar, ba gurnanin ba. Ki ɗauko shi lokacin da kike da hutu ko da na 'yan kwanaki ne, amma kada ki kwashe hutun kina manne da shi sannan ranar aiki ki ɓace masa tun safe, nan ne suke rikicewa. Tun rana ta biyu ki fara fita ki rufe ƙofa ki dawo bayan minti ɗaya, sai biyar, sai goma, kina ƙarawa in kin ga ya nutsu, ba dogon sallama ba ɗoki in kin dawo. Kafin ki fita ki zagaya da shi ya yi fitsari da kashi ya gaji, ki bar masa ruwa da abin tauna. Babban kare na barcin awa 12 zuwa 14 a rana, in hankalinsa a kwance yake yawancin safiyar barci zai yi. Ki ajiye tsohuwar waya tana ɗaukar bidiyo ki ga me yake yi bayan fitarki. In ɗan kuka ne na mintuna ya kwanta ba komai, in kuwa haki yake yi yana dalala yana ƙwaƙular ƙofa har ki dawo, wannan firgici ne na gaske, a koma wajen likita, kuma a samu wanda zai dinga leƙo shi kafin ya saba.

Masu ceton karnuka suna da wani lissafi da suke cewa uku uku uku, kwana 3 na farko a tsorace yake, zai iya ƙin cin abinci ya ɓuya, sati 3 ya fara gane tsarin gidan halinsa ya fara fitowa mai kyau da marar kyau, wata 3 ya san nan gidansu ne. Ba doka ba ce, wani ya fi haka sauri wani ya fi haka jinkiri, amma ki gaya wa maigida tun yanzu kada ya yanke masa hukunci da abin da ya gani a satin farko. Zai iya yin fitsari a ɗaki ko da ba ya yi a can, ki goge da kyau kada wari ya zauna, ki yawaita fitar da shi, in ya yi a waje ki yaba masa. Baƙi masu zuwa ganin kare su dakata tukuna. Kuma ki kula da ƙofa sosai, a kwanakin farko ne suka fi gudu, ɗan kilo 5 ta ƙaramar kafa zai fice kuma in ya fita a tsorace ko kin kira ba zai waiwayo ba. Ki zagaya gidan ki toshe duk wani rami, kada ki sake shi ba igiya a waje. Ki roƙi mai riƙon ta haɗo miki da bargon da yake kwana a kai ba tare da an wanke ba, warin da ya sani na kwantar masa da hankali.

Ummu Khairat:
Maganar mage, ita ce 'yar gida kada a takura mata. Ki ware mata ɗaki da abincinta da wajen kashinta inda karen ba zai shiga ba, da waje mai tsayi da za ta hau. Kwanakin farko kada su haɗu, ta ƙarƙashin ƙofa za su ji warin juna, ki dinga musanya musu tsumman kwanciya. Daga baya su ga juna shi yana ɗaure da igiya a hannunki ita a sake, in ya kalle ta ya kau da kai ki ba shi lada. Kada ki bari ya kore ta ko sau ɗaya don in ya ɗanɗana zai maimaita. Shi ma a kula masa da ido, farcen mage ba wasa ba ne ga ƙaramin kare. In za ku fita aiki a raba su har sai kin tabbatar.

Dokta (likitan dabbobi):
Tunda akwai mage bari in ƙara wannan, yana da muhimmanci. Wasu magungunan kaska da ƙuma na karnuka akwai sinadarin fametirin a ciki, shi kuma guba ne ga mage, ko gogar jikin karen ta yi bayan an ɗiga masa zai iya kama ta da karkarwa. Ki gaya wa likita akwai mage a gidan kafin ya zaɓa miki. Kuma kada a ba kare maganin mutane, farasitamol da ibufurofen suna iya yi masa mummunar illa, ga shi jikinsa ƙarami abu kaɗan ya isa. Haka cakulan, inabi ɗanye ko busasshe, albasa, tafarnuwa, da cingam marar sukari mai ɗauke da zailitol, da dafaffen ƙashi da ke tsagewa. Da yarinya a gida abin da ta yar a ƙasa shi zai tsinta, sai an sa ido. Abincin da yake ci a wajen mai riƙo ki ci gaba da shi, in za ki canza ki dinga gaurayawa kaɗan kaɗan cikin kwana 7 zuwa 10, in ba haka ba zawo zai yi.

Abban Sadiq:
To tunda wata biyar ya yi a hannunta kuma ya zauna da jikoki bai taɓa kowa ba, maganar ta canza. Ni dai a je wajen likitan kafin a sa hannu, kuma maigida ya je ya gan shi da kansa, kada a kawo masa shi kawai.

Maman Hanan:
Haka za a yi insha Allah. Mun yi magana da maigida na karanta masa duk abin da kuka rubuta, ya yarda ranar Asabar mu je mu uku a fita da shi waje a zagaya, Hanan tana riƙe da hannun babanta, mu ga yadda zai yi. Daga nan sai likita. In gwiwar ba ta kai ta tiyata ba kuma zuciyar lafiya, ƙungiyar ta yarda da gwajin sati biyu, zan daidaita shi da hutuna. Tambaya ta ƙarshe, matar ta ce an sa masa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, wai in ya ɓata da ita ake gane shi. Zan iya ganin inda yake a wayata kenan?

Anty Rabi:
A'a ƙanwata, ba ta nuna waje. 'Yar aba ce kamar ƙwayar shinkafa, galibi a tsakanin kafaɗu ake sa ta, ba batir a ciki, lamba ce kawai mai alƙaluma 15 wadda likita ko ƙungiya za su karanta da na'urarsu in an tsince shi an kai musu. Lambar kuma ba ta da amfani sai an yi rajistarta da sunan mai kare, yanzu haka wataƙila sunan ƙungiyar ne a kai. Ranar da kuka je likita ki ce ya karanta ta a gabanki ki gwada da lambar da ke kan kati, in gwajin sati biyun ya yi kyau kun sa hannu sai ki sa su mayar da rajistar sunanki da lambar wayarki. Kafin nan ki rataya masa ɗan ƙarfe mai lambar wayarki a jikin ɗamarar tun ranar da zai shigo gidan, ki kuma ɗauke shi hoto a tsaye ta gaba da ta gefe ki ajiye. Ki dawo ki ba mu labarin abin da likita ya ce a kan gwiwar.